Yatsa Huɗu a Ƙofar Kawu

Shekarar da kawuna ya sayo tarakta daga Ƙwanni, tsallaken iyaka, na kai shekara goma ina walda a Illela, kuma ina ji da kaina. Babu babur ko amalanken da ya taɓa dawo mini da aiki. Saboda haka da aka ce kawu yana kirana, na ɗauka zai nuna mini abin arziki ne kawai.

Na tarar da taraktar tsaye a bakin gidansa, mutane sun kewaye ta. Tsohuwa ce amma lafiyayya. Bayan kujerar direba akwai wani ƙarfe mai kauri da ya tashi ta gefe biyu, ya haɗe a saman kai. Aikinsa ɗaya ne: in motar ta kife, shi zai daki ƙasa, direba ya samu wurin tsira a ƙarƙashinsa. Shi ne ya hana ta shiga gida. Ya fi ƙofar tsawo da yatsa huɗu.

Kawu ya gina wannan ƙofa da kankare, ya yi mata ado, ya fi shekara yana nuna wa baƙi ita. Kuma a wurinsa abin da bai kwana cikin gida ba, ba naka ba ne.

"Rage mai tsawo," in ji shi.

Na ce, "Kawu, wanga ƙarhe ba a yanka shi. In an yanke an haɗa, ba ya komawa kamar da."

"Mi kac ce? Ba walda kaka yi ba?"

Na ce a haƙa ƙasan ƙofar kaɗan. Ya ce ruwan sama zai riƙa shigo masa gida. Na ce a rage iskar taya in za a shiga. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "To, in ba ka iyawa, hwaɗi gaskiya in kira wani."

Wannan maganar ce ta ci ni. Ba tsoronsa kaɗai na ji ba, zuciya ce ta ɗebe ni. A jikin ƙarfen akwai takarda manne da rubutun Faransanci. Ban iya karanta shi ba, amma hoton ba ya buƙatar karatu: mutum riƙe da abin walda, an ja masa jan layi. Na kankare ta da wuƙa. Na yanke ƙafafun biyu, na cire yatsa biyar don a samu sarari, na haɗa, na goge, na shafa jan fenti. Aikin ya yi kyau, har ni kaina na yaba. Taraktar ta shige gida ana tafi.

Direban da kawu ya ɗauka mutumin Darna ne, magidanci mai 'ya'ya uku, ba shi da yawan magana. Ranar da ya fara aiki ya kama ƙarfen ya girgiza, ya tambaye ni ko zai riƙe. Na ce masa ya fi na kamfani.

Damina ta yi nisa lokacin da abin ya faru. Da hantsi ne, ina cikin gyaran wata ƙofar shago, wani ɗan acaba ya tsaya ya ce tarakta ta kife a Lafani. Gefen wani kwazazzabo ne ruwa ya cinye ta ƙasa, tayar baya ta rufta. Ban tambayi direba ba. Abin da ya fara fita bakina shi ne, "Ƙarfen fa?" Har yau ina jin kunyar wannan tambaya.

Direban ya rayu, amma ƙafarsa ta hagu sai da aka yanke ta daga gwiwa.

Bayan mako biyu aka zauna a zauren mai gari. Yayan direban ya zo da ƙarfen a bayan amalanke, ya sa aka shimfiɗe shi a tsakiyar mutane. Ƙarfen kamfani ko lanƙwasa bai yi ba. Inda na haɗa ne ya ɓalle, gefe biyun duka, ga jan fentina a bakin karayar.

Mai gari ya tambaya ko an taɓa ƙarfen bayan an sayo motar.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, haka nan munka sawo ta." Sannan ya juyo gare ni. "Ga mai walda nan, shi hwaɗi."

Rabin mutanen zauren suna nan ranar da aka yi tafi. Babu wanda ya ɗaga kai. Kawun nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni koyon sana'a. A wurinmu ba a ƙaryata babba a gaban jama'a. 

Na ce, "Ni nay yanke shi. Na san ba a yankawa, kuma nay yanke."

Ban ce kawu ne ya sa ni ba, babu kuma wanda ya tambaya. Aka yanke cewa ni da shi za mu ɗauki nauyin iyalin direban. Kawu ya cika nasa, amma tun ranar bai ƙara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Masu kawo aiki ma suka ragu.

Bayan kaka direban ya zo shagona. Sandar ƙarfen da yake dogarawa ce ta tsage a wurin hannu. Na ce masa akwai wani mai walda a gaba kaɗan. Ya ce ya sani, ya miƙo mini ita, ya zauna a kan benci.

Na ɗinke ta sau biyu. Da ta huce ya karɓa, ya kama ta ya girgiza, kamar yadda ya yi wa wancan ƙarfen.

"Tana riƙewa?" in ji shi.

Na tsaya ina duban inda na ɗinke. Ya ɗan jira, sannan ya ɗora nauyinsa duka a kanta, ya tashi.