Madobiyar Maƙabarta

Cikin duk yawon da na sha a aikin tsirrai, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da muka je roƙon fure wajen wani liman, a wani ƙauye kusa da Doguwa.

Lokacin ni ne babban jami'in fita daji a ɗakinmu na adana tsirrai. Ga wanda bai san aikin ba, reshe muke yankowa da furensa, mu danne shi tsakanin tsofaffin jaridu da katako har ya bushe, sannan masana su tantance danginsa da sunansa. Reshe babu fure wahalar banza ce, don da furen ake tabbatar da itace.

Aka haɗa ni da wata ɗaliba 'yar Kiru, Hauwa'u, wadda ta samu tallafin karatu daga ƙasar waje. Sharaɗin masu tallafin shi ne ɗalibi ya tsinko duk tsirran da aka ɗora masa da hannunsa, kafin a kira shi can ya ƙarasa horon. Ta haɗa komai, saura bishiyar madobiya. In furen shekarar ya zube ba ta samu ba, gurbinta ya tafi ga wani.

Da rani madobiya take fure, ruwan ɗorawa, kuma ba ya daɗewa. Muka karaɗe Bebeji da Tudun Wada. Manyan, masu katako sun kayar. Waɗanda suka rage kuwa makiyaya sun yi musu aski tas saboda dabbobi. Hauwa'u ta daina hira a mota, ni kuma na koma yi wa direba faɗa ba gaira ba dalili.

Wani mai faci a Doguwa ne ya ce mana akwai guda a ƙauyensu. Tun daga nesa muka hango ta, jibgegiya, ta cika da fure. Sai da muka matso muka ga ashe a cikin maƙabarta take.

Muka nufi zauren liman, muka kwashi gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo mu.

"Mace ba ta shiga maƙabartarmu," in ji shi. "Kai ma, Malam, ko tsinke ba ka karyawa a ciki. Inuwar mamata ce."

Kun dai san ni da zafin kai. Na gyara zama, na fara zuba bayanin turawa da jirgi da amfanin ilimi, murya na ta hawa. Sai Hauwa'u ta katse ni daga inda take durƙushe a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah a bari," ta ce da ni. Ta juya wajen liman. "Allah gafarta Malam, mahaifina ma ƙarƙashin irin wannan inuwar yake kwance. Ni ma ba zan so a taɓa masa ba. Mun gode."

Wallahi tausayinta ya kama ni, don na san abin da ta haƙura da shi. Mun miƙe ke nan liman ya jawo sandarsa.

"Ku biyo ni da motar taku."

Ya zagaya da mu ta bayan shinge, har kan burtalin shanu. Ga wani reshe nan ya tsallako, ya sunkuyo kan hanya.

"Na ciki nasu ne," ya ce. "Wannan da ya leƙo hanya kuwa na masu wucewa ne. Bisimilla, 'yata."

Direba ya gyara wa mota tsayuwa ƙarƙashin reshen. Hauwa'u ta tattare hijabi ta haye kan mota, na miƙa mata almakashin nan mai doguwar gora. Tana kai almakashin, ni ina ƙasa ina ta ba da umarnin da babu mai saurare. Reshen na faɗowa ta fashe da kuka, liman kuma ya yi ta dariya.

Ta tafi karatun, ta dawo, yanzu ita ke horar da wasunku a ɗakin namu. Shi ya sa kuke ganin duk garin da ta sauka, zauren liman take fara nema kafin ta buɗe jaka.

Ni kuma abin da na koya shi ne in daina saurin fushi da al'adar mutane. Dokar da ta hana mu shiga ita ce ta hana gatari shiga. Duk ƙasar da muka zaga, masu rai ba su bar mana madobiya mai fure ko ɗaya ba. Mamata ne suka ajiye mana.