Dije Ba Ta Fita Ba Sallama

Bayan kullen korona ne, kafin shekarar da aka canza kuɗi muka sha layin banki, aka buɗe mana guruf a waya, mu matan da muka tashi a kwatas ɗin reluwe. Aure ya watsa mu cikin Minna, waya ta tattaro mu. Ni ban yi boko ba, murya nake turawa, kuma ba wadda ta kai ni tsara magana. Sai dai ƙawata Dije, Allah ya jiƙanta.

Ai kun san ta. A wurinta guruf gida ne, irin gidajenmu na Sauka Kahuta. Da safe sai ta danna waya ta yi sallama, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, da miji da jikoki, har akuya sai ta tambaya. Laraba da ke noma a Maikunkele, wadda sai ta hau dutse take samun sabis, ta ce, "Dije, rana ta gasa ni a kan dutsen nan, har yanzu ba ki zo kan sunana ba!"

Dije ta ce, "Gobe ki hau da laima."

Kiran bidiyo kuwa ba ta ɗauka sai ta yi shara ta gyara ɗankwali. "Baƙo ya shigo ya tarar da kwanuka ba wanki?" Kafin ta gama, baƙon ya gaji ya kashe.

Rigimar daga Binta ta taso, wadda mijinta ya samu muƙami suka koma unguwar manya. Can kowa yana bayan get, ba a doguwar gaisuwa. Dije ta zuba mata gaisuwa, ita kuma ta turo hoton babban yatsa.

"Yatsa? Ni Binta za ta ɗaga wa yatsa? Ni da na yi mata kitson aure?"

Binta ta ji haushi ta fice daga guruf. Gabanmu ya faɗi, don in ɗaya ta zare, gobe wata za ta bi, mu sake watsewa. Dije ta yafa mayafi, ta tari Keke Napep, ta je ta zauna daram a bakin get ɗin Binta.

Binta ta fito. "Yaya Dije, ba faɗa ba ne fa. Data kuke cinye min."

"Tuwon gidanmu da kika cinye fa? A kwatas wa ya taɓa barin gida ba sallama? Koma ki yi sallama, sannan ki fita."

Binta ta koma guruf ta yi sallama. Muka shiga amsawa ɗaya bayan ɗaya, ina maigida, ina yara, ya ƙafar nan. Kai! Har yau ba ta samu ƙofar fita ba.

Watanni bayan rasuwar Dije, Binta ta kira ni tana kuka, wai waya ta rubuta Dije ta fita daga guruf. Na ce, "Ƙarya wayar take yi, Dije ba ta fita ba sallama." Sai dai wannan karon babu Keken da zai kai mu mu dawo da ita.

Yanzu cikin 'yan kwatas saura ni, da Laraba, da Talatu mai ƙosai, da Binta. Binta ce ke gaishe mu kullum da safe, har akuya. Allah ya haskaka kabarin Dije, ya sa mala'iku su amsa mata sallama da sunanta.