Ramar Maigandi

Duk Ƙofar Kware an san Maigandi bai iya shuka ba. Dattijo ne, ya tsufa a kan jigo yana ban ruwa a bakin gulbi, amma in ya watsa iri sai rama ta fito cunkus, ko yatsa ba ya shiga. Ana yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Lambun ba nasa ba ne. Na wasu baƙi ne Kiristoci, akawuna da kafintoci da suka biyo Turawa daga Lakwaja. A shekarar da yunwa ta sauka Sakkwato suka ɗauke shi aiki, suka ce ganyen na mabukata ne. To, wa zai je? Mutanen unguwa gara su kwana da yunwa da a ce sun miƙa wa baƙo hannu.

Sadiyatu na cikinsu. Mijinta mahauci ne, da yana raye kullum maƙwabta na cin nama daga gidanta. Yanzu ga 'ya'ya huɗu, tukunya a kife, kuma ta rantse ba wanda zai ji. Sai Maigandi ya tsaya a zaurenta yana ƙorafi, wai ramarsa ta shaƙe juna, bayansa kuma ya ƙi sunkuyo, ko za ta taimaki tsoho ta rage masa? Abin da ta cire ta zubar duk inda ta so. Ta je. Ranar yaranta suka ci kwaɗon rama har suka yi barci. Kafin wata ya ƙare, mata tara ke zuwa taimakon tsoho, kowace kanta a sama.

Akawu Yohanna, babban baƙin, bai gane ba. Shi dai ya ga iri na ƙarewa, kuma ba mabukaci ko ɗaya da ya zo karɓa. Wata safiya ya iso lambun ya ce wa Maigandi ya ajiye fartanya, za su rufe wurin. Tsohon nan, Allah Sarki, ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ƙi faɗi, don asirin matan ne.

Sadiyatu na durƙushe cikin ramar tana ji. Kunya ta kama ta, amma ta miƙe.

"Akawu, mu na mabukatan. Ba taimakonai munka zo yi ba, yunwa ta kawo mu. Baba Maigandi rufa muna asiri ya yi."

Akawu ya dubi matan, ya dubi tsohon. Ya ɗauki fartanyar ya mayar masa.

Har ta tsufa, in aka yi wa shukar Maigandi dariya sai Sadiyatu ta ce a yi hankali da baki, 'ya'yanta huɗu da ramar nan suka rayu.