Kawu Lukuman Mai Hoto da Mutumin Kalgo

Duk wanda aka yi wa suna ko aure a unguwarmu a Gwandu, in ka duba hotonsa da kyau za ka ga kansa ya ɗan karkata hagu. Aikin Kawu Lukuman ne, yayan mahaifiyata. Ba ya latsa kyamara sai ya ce, "Karkato kaɗan, kai ba turke ba ne." Tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu yake wannan sana'a, har zamani ya kai shi ga kwamfuta.

Kwamfutocinsa biyu. Akwai babba a zaure, wadda muke kira Tsohuwa. Allonta ya daɗe da mutuwa, amma cikinta cike yake da hotunan dangi. Akwai kuma laftof, wadda waya ta haɗa ta da Tsohuwa, ta nan ake leƙa abin da ke ciki. A can ne hoton kakarmu Inna yake, guda ɗaya tak da ya rage, domin na takarda gara ta cinye shi. Ni ce mai tattara tarihin gidanmu, don haka kullum hankalina yana kan hoton nan. Sau nawa na ce a kwafe shi, Kawu ya ce, "Tsohuwa ta fi ki lafiya."

Kawu yana da surutu, amma akwai kalma ɗaya da ba a taɓa ji a bakinsa ba: sunan ɗansa na fari, Ɗahiru. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ana yaye yaron aka kai shi Kalgo wurin Inna, tun daga nan Kawu yake ce masa "mutumin Kalgo". Ko hoto zai ɗauke shi, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa wancan ya karkato."

Bara da kaka Ɗahiru ya zo gaisuwa, ya ga laftof tana nauyi, ya ɗora mata sabuwar windo, wato manhajar da ke tafiyar da ita. Ta yi sauri kuwa, sai dai ta daina ganin Tsohuwa sam. Ita kuma Tsohuwa a makon ta fara wani ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana tauna aya. Na kira Ɗahiru. Taubashina ne, ba na raga masa.

"Injiniyan Kalgo, ka raba zumuncin da ka tarar. In hoton Inna ya ɓace, kai za mu rataye a bango."

Ya iso da hantsi ranar Asabar, Kawu kuwa ya tafi Diggi ɗaukar hoton suna. Ɗahiru ya shiga saitin laftof, ya kunna wurin da ke ba ta damar ganin 'yan'uwanta, ya nuna mata cewa wayar nan ta gida ce. Sai ga Tsohuwa ta bayyana. Na yi guɗa. Ya latsa ta, sai wani akwati ya fito yana neman kalmar sirri.

"Da ba ta tambaya," in ji ni.

"Da ta riƙe ta a ka. Sabuwar ba ta san kowa ba."

Muka gwada sunan shagon Kawu, muka gwada Gwandu, har sunan akuyar gidan. Shiru. Ƙaran Tsohuwa kuwa sai ƙaruwa yake. Ɗahiru ya kira Kawu, ya sa wayar a amsa-kuwwa.

"Baba, kalmar sirrin Tsohuwa muke nema."

Muka ji kalangu daga can, muka ji tari. Sannan Kawu ya ce, "A ba Rahama wayar."

"Ga ni, Kawu."

"Ku bari in dawo."

"Kafin ka dawo ta cika. Saurari kukanta." Na kara wayar a jikin Tsohuwa.

Kawu ya ce, "To... rubuta sunan wanga."

"Wanne, Kawu?"

"Ke dai kin sani. Mutumin Kalgo."

"Kawu, Kalgo fa gari ne guda. Mai gyaran babur ko mai kifi?"

"Rahama, kin ci gidanku! Wanda ke kusa da ke!" Ya kashe wayar.

Na juyo zan tsokani Ɗahiru, sai na ga ya sunkuyar da kai. Da yatsa ɗaya ya rubuta sunansa. Foldodin hotuna suka zubo. Ga Inna nan zaune a kan tabarma, kanta a karkace hagu. Shi muka fara kwafewa, sannan sauran. Bayan la'asar Tsohuwa ta yi shiru, ba ta sake tashi ba.

Da Kawu ya dawo bai dubi kowa ba. Ya daɗe yana kallon Inna a laftof, sannan ya ce a nuna masa inda ake sa wa laftof ɗin kalmar sirri, tunda ta da ta zama ta kasuwa. Ya ce kowa ya juya baya, ya rufe madannai da hularsa. Ni dai ban juya duka ba. Yatsansa bai canza hanya ba, haruffan da Ɗahiru ya latsa ɗazu ya sake bi.