Motar da Ba Ta Taɓa Shiga Madubin Mai Aski Ba

Alƙalin Mota mai aski ne, kuma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ko keke ya hau, ƙafarsa na laluben ƙasa. Amma duk unguwar, wanda zai sayi mota ta hannu sai ya zo ya zauna a kujerarsa, ko da jiya ya yi aski.

Sirrin yana cikin madubi. Shagonsa na fuskantar garejin makanikai, don haka yana aski yana hango duk motar da aka turo ko aka jawo da igiya. Shekara da shekaru yana kallo, har ya yanke wa kowane irin mota hukunci. "Waccan? Kullum tana asibiti. Wannan kuwa yayyafi kaɗan, sai tari." Yana faɗa almakashi na ƙyas-ƙyas, babu mai ɗaukaka ƙara.

Rannan sai ga ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ta gaji da tsayuwar bakin titi. Ita ce autarsu, shi ya raine ta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a wurinta. Ta miƙa masa waya mai hotunan motoci uku.

"Yaya, wacce zan ɗauka? Duk gumina ke nan, ka duba mini da kyau."

Biyun farko ko kallon kirki ba su samu ba, ya san danginsu a gareji. Ta ukun koriya ce mai dogon hanci, da wani tambari baƙo.

"Wannan! Wallahi irinta ba ta taɓa shiga madubina ba. Rufe ido ki saya."

Ta rufe ido ta saya. Ba a jima ba, yana tsakiyar gyara wa wani dattijo ƙeya, sai ga koren hanci ya leƙo cikin madubi, igiya a gaba, auta a baya tana share gumi. Hannunsa ya kuɓuce, ya buɗe wa dattijo hanya har tsakar ka.

Ya tsallaka titi da tawul a kafaɗa. Ogan makanikai ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya mayar a hankali kamar wanda ya buɗe tukunyar maƙwabta.

"Alƙali, ka san abin da ya hana ka ganin irinta a nan? Ba ma taɓa ta. Ko ƙusarta babu a kasuwa. In ta lalace, a gida ake barinta, kaji su samu ɗaki."

Makanikai suka fashe da dariya. Shi dariyar ba ta dame shi ba. Abin da ya soke shi, ganin auta ta sunkuyar da kai tana wasa da makulli. 

Aka tura motar gindin bishiyar da ke gefen shagonsa, ana jiran kayan gyara daga nesa. Yanzu kullum tana cikin madubi, shi ke share mata ƙura. Da safe kuma sai ya raka auta bakin titi, ya riƙe mata jaka, ya tsayar mata da abin hawa.

Wata safiya ta waiga ta kalli motar, ta yi murmushi.

"Yaya, ai ba ka yi ƙarya ba. Har yau ba ta kwana a gareji ba."

Ya yi dariya, amma sai da ya goge ido da tawul. Da ya koma shago wani saurayi na jiransa da waya a hannu, zai nuna masa hoton mota.

"Ajiye wayar nan," in ji Alƙali. "Sunkuya in gyara maka ƙeya."