Hannun Hagu na Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar babana, ta fi shekara ashirin tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti. Aikinta shi ne koya wa manya tafiya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda ya karye a ƙugu, da tsohuwar da ta daɗe a kwance har ƙafafunta suka manta da ƙasa, duk ta hannunta suke bi. Ɗakin aikin dogo ne, akwai ƙarafa biyu a jere da ake dafawa, da babban madubi wanda gefensa ya tsage. Takan ɗaura wa majinyaci wata faffaɗar ɗamara a ƙugu, ta cusa hannun hagu a cikinta ta baya, ta ce, "Taka, ina nan." In gwiwarsa ta lanƙwashe, kafin shi kansa ya ankara ta riga ta riƙe shi. Ba ta cika yabon kanta ba, amma abu ɗaya takan faɗa da ƙarfi: ba wanda ya taɓa kaiwa ƙasa a hannunta.

Ta kusa hamsin lokacin da ta shiga makarantar tauhidin Kirista neman digiri na biyu. Dalilinta a fili yake. Majinyata sukan tambaye ta abin da ya fi ƙarfin gashi: me ya sa ni, ina Allah yake. Takan yi musu addu'a, amma ta ce tana jin amsoshinta kamar ruwa a kwando. Ga kuma faston asibitin, mai zagaya gadaje, ya tsufa zai ajiye aiki. Hukumar asibiti ta ce mai digiri na biyu a tauhidi za a ba wurin. Gwaggo ta sa wannan aiki a ranta, ba ta ganin komai sai shi.

A gidanta nake zaune tun da na gama jami'a, don haka ni ke buga mata kundin bincikenta. Teburin cin abinci ya koma rabi littattafai, rabi kwanuka. Kalmomin Helenanci, harshen da aka rubuta Linjila da shi, ta rubuta a ƙananan takardu ta manna a ƙofar firji, kowa ya zo shan ruwa sai ya gaisa da su. Mijinta kafinta ne, Baba Kafinta muke ce masa. Shi ya ƙera mata kantar littattafai, ya kuma ce in ta cika ba zai yi wata ba, sai dai ta zaɓa, ko shi ko su.

Malamin da ke duba kundin, Dokta, mutum ne mai sanyin murya da jan biro. Duk inda Gwaggo ta ba da labarin wani majinyaci da aka yi wa addu'a ya miƙe, sai ya ja layi ya rubuta a gefe: wannan shaida ce, ba bincike ba. Takan dawo gida ta jefa takardun a kan tebur.

"Shaida ce wai! To da idon wa na gani, da na maƙwabta?"

Ta yi faɗan, ta sha ruwa, ta zauna ta gyara. Haka ta cinye jarrabawa duka, har Helenancin da ya sa ta kuka. Dokta ya karɓi kundin. Abu ɗaya ya rage: makarantar ba ta yaye ɗalibi sai cocinsa ya sa hannu cewa ya gama horon hidima a aikace.

Cocinsu Gwaggo yana da nasa ajin horar da masu hidima, ranar Asabar, a wani zaure mai rufin kwano da fankoki masu ƙara. Baba Fasto ne shugaba, kuma shi ke sa hannun, bayan gwaji. Gwajin kuwa a gaban jama'a ake yi: ɗalibi ya yi gajeren wa'azi, ya kira masu bukata su fito gaba, ya ɗora musu hannu. A cocin, in Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa mutum, yakan sulale ta baya. Shi ya sa ake tsayar da ƙarfafan samari a bayan kowa, masu tarewa, su karɓe shi su kwantar a hankali, mata kuma su rufa masa mayafi a ƙafa. Ba inda aka rubuta cewa dole wani ya faɗi kafin ɗalibi ya ci gwaji. Amma ba a taɓa jin wanda ya ci alhali kowa na tsaye ba.

Kada a ɗauka Gwaggo ba ta yarda da abin ba. Ita ma ta taɓa faɗuwa, shekarar da ta rasa ɗanta na fari, ta ce ta tashi kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ba ta yarda a yi wasa da wannan a gabanta.

A gwajinta na farko ina zaune can baya. Wa'azin ya yi kyau, har ana tafi. Wata mata ta fito, Gwaggo ta ɗora mata hannun dama a goshi ta fara addu'a. Matar ta lumshe ido, ta fara layi, diddigenta ya ɗaga. Sai kawai na ga hannun hagu na Gwaggo ya damƙi ƙugun matar ya dawo da ita. Lasifika na kusa da bakinta, kowa ya ji ta ce, "Buɗe ƙafa, ki tsaya da kyau." Na biyu ma haka. Na uku, wani saurayi, har ya tafi rabi ta fizgo shi da bel.

Bayan an tashi Baba Fasto ya kira ta ofis, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakarta.

"Mama Nas," ya ce, "Ruhu na kwantar da mutane, ke kina bin su kina tayarwa. Da wa kike aiki?"

"Baba, ai a Linjila Ubangiji kama hannun mutane yake yi ya tashe su."

"Kin ji ko? Abin da nake gudu ke nan. Makarantar can ta cika miki kai, an ce ki yi addu'a kina kawo mini aya. Waɗanda suka faɗi a gaban Ubangijin fa, ba ki kai shafinsu ba?"

Ta san suna nan a Linjilar.

"Ba da gangan nake yi ba, Baba. Hannun ne."

"To ki je ki yi wa hannun wa'azi. Akwai gwaji ɗaya kafin ƙarshen shekara."

Ta roƙe shi ya zo asibiti ya gwada ta a can, inda za ta yi aikin. Ya yi dariya ya ce mutanen da ke kwance tun farko ina za su faɗa. Ta je wurin Dokta ko za a ɗaga mata ƙafa. Ya cire tabarau ya ce shi a ganinsa faɗuwar nan ba ma'auni ba ce ko kaɗan, amma doka ta ce cocin ɗalibi ne zai sa hannu, kuma ita ta zaɓi cocinta.

A mota tana ta huci. "A can sun ce zafina ya yi yawa, a nan sun ce na yi sanyi. Ni shayi ce?"

Faston asibiti kuwa ya riga ya sanar cewa ƙarshen shekara zai tafi. In Gwaggo ba ta fita tare da 'yan ajinta ba, wurin ya wuce ta.

Sai muka koma atisaye a falo. Aka jawo katifa aka shimfiɗa, Baba Kafinta ya tsaya a gabanta, ni ce mai tarewa, duk da ya ninka ni biyu. Gwaggo ta ɗaga hannu ke nan ya zube, tim.

"Ban ma buɗe baki ba!"

"Shafewar Ruhu ce ta yi yawa, uwargida. Tun daga ƙofa na ji ta."

"Tashi, malam. In wasa za ka yi da abin Allah, koma shagonka."

Ya tashi ya nutsu. Ta fara addu'a, ya jingina baya a hankali kamar yadda aka ce masa. Ta cafko wuyan rigarsa, maɓalli ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Aka sake, ta kama shi a gwiwar hannu. Ta zauna a kan katifar tana kallon hannun kamar na wani ne aka ba ta aro.

Baba Kafinta ne ya kawo dabara. Ya ce shi a shago, hannun da ke riƙe da guduma ba ya sosa kai. Ya ɗauko babban Littafi Mai Tsarki nata, mai kaurin bango, wanda take karatu da shi, ya ɗora mata a hannun hagu.

"Riƙe wannan. Na ga yadda za ki yar da shi."

Dabarar ta ci. Ya faɗi, ya sake faɗuwa, har ya fara kukan baya. Gwaggo na tsaye, yatsunta sun yi fari a jikin littafin, amma ba ta motsa ba.

Ranar gwaji na ƙarshe zauren ya cika. Ɗalibai biyu suka riga ta, mutane suka yi ta zubewa, mata masu mayafi na kai da kawowa. Da aka kira Gwaggo ta yi wa'azi a kan shanyayyen mutumin nan na Linjila da abokansa suka sauko da shi ta rufin ɗaki zuwa gaban Ubangiji. Ta rungume littafin a ƙirji ta ce mai bukata ya fito.

Wani tsoho ne ya fara tasowa, tsohon maigadin cocin, siriri, yana dogara sanda. Ya miƙa sandar ga wani ya tsaya. A bayansa wani ƙato cikin masu tarewa ya gyara tsayuwa ya buɗe hannuwa. Na ga idon Gwaggo ya sauka a kan ƙugun tsohon, ya koma gwiwoyinsa, kamar yadda take duban sabon majinyaci. Ta rufe ido ta ɗora hannu.

Addu'ar ta fito daga cikinta, ban taɓa jin ta yi irinta ba. Fuskar tsohon ta saki, leɓensa na motsi, ya fara tafiya baya a hankali.

Ƙarar da littafin ya yi a kan siminti ta fi ta ganga. Takardun da ke cikinsa suka watse. Gwaggo kuwa ta riga ta zagaye tsohon da hannun hagu, ta manna shi a kafaɗarta, ƙafafunsa biyu a ƙasa daram.

Ƙaton yana nan tsaye da hannuwa a buɗe, ba komai a cikinsu.

"Mama," ya ce a hankali, "ai ina nan."

Tsohon ya buɗe ido ya dube ta da takaici. "Haba 'yata. Na fara tafiya fa, kika dawo da ni."

Wasu suka yi dariya, wasu suka kama baki saboda littafin. Baba Fasto ya sauko da kansa, ya durƙusa ya ɗauke shi, ya share bangon da hannun rigarsa, ya miƙa mata. Bai ɗaga murya ba. Ni da ke tattara takardun a ƙasa ce kawai na ji.

"Shafewa kam kina da ita, yau na gani. Amma ba ki yarda akwai mai tarewa in ba ke ba. Ki dawo baɗi."

Muka isa gida. Ta ajiye littafin a kantar littattafai, ta shiga kicin ta hau wanke kwanukan da na riga na wanke. Baba Kafinta ya leƙa zai yi magana, ya ga bayanta, ya fasa. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ƙashin tsohon nan kamar alli yake. Yaron zai kama kafaɗa, ƙugu ya bugi ƙasa."

"Wataƙila da ya tare shi daidai," na ce.

"Wataƙila." Ta murɗe soso. "Abin da ke ci mini rai ke nan. Wataƙila."

'Yan ajinta suka yi bikin yaye ba ita. Kundinta na nan a kantar littattafai, an ɗaure shi da baƙin bango, ba ta buɗe shi. Aikin faston asibiti aka ba wani matashi mai fara'a, wanda kullum sai ya tsaya ya gaishe ta, abin da ke ƙara mata haushi. Ta sake rubuta sunanta a ajin Asabar, ita ce babba a cikinsu yanzu, sababbin ɗalibai na ce mata Mama Tsaya-da-kyau in sun ga ba ta kusa.

Kwanan baya na kai mata abincin rana a wurin aiki. Na same ta tsakanin ƙarafan nan biyu da wata mata mai shanyewar ɓarin jiki, wadda ke kuka tana cewa ba za ta iya ba. Bakin Gwaggo na motsi, na san addu'a take yi, fuskarta a ɗaure kamar mai faɗa da wani. Sabon faston ya tsaya a ƙofa da littafinsa yana jira ta gama. Ba ta dube shi ba. Ta ƙara cusa hannun hagu cikin ɗamarar.

"Taka," ta ce wa matar. "Taka mana."