Ranar da Mudira Ta Shiga Dokar Aji Shida

Ban taɓa mantawa da ranar da shugabar makarantarmu ta shigo ajina da doka, ta tarar da wata dokar tana jiran ta ba. Ku sababbin malamai kun san shugabar tamu, Abla Nafisa (Abla ake kiran malama a nan), bayan ta yi laushi ne. A lokacin, idan ta ce "halas", wato magana ta ƙare, ko fanka sai ta rage gudu.

Shekarar da aka rushe unguwar Karantina a Jidda ce. Iyalai suka watsu, makarantarmu ta 'yan mata da ke unguwar Sa'alaba ta cika da sababbin ɗalibai. Ni ce uwar aji shida. A ajin akwai haifaffun Jidda masu Larabci a baki, akwai 'ya'yan Hausawan Sudan, akwai waɗanda ba su daɗe da zuwa daga Najeriya da Nijar ba. Kullum musu, kuma kowane musu da gori yake ƙarewa. Sai na kafa musu doka: ba wadda za ta mayar wa 'yar'uwarta martani sai ta fara maimaita abin da ta faɗa, har mai maganar ta ce, "Haka nake nufi." Da farko sun tsane ta, daga baya ta zame musu wasa.

Wata safiya Abla Nafisa, wadda muke kira mudira, ta bi aji-aji tana sanar da cewa an hana Hausa a harabar makaranta. Da Larabci ta yi bayanin. Ta ce iyaye don Larabci suka kawo 'ya'yansu, kuma da shi za a rubuta jarrabawa.

Rahma ta ɗaga hannu. Yarinya ce haifaffiyar Karantina, mai sanyin murya da taurin kai.

"Abla, kina cewa kina tsoron mu faɗi jarrabawa, iyayenmu su yi asarar wahalarsu. Haka kike nufi?"

Mudira ta ji daɗi. "Haka nake nufi, 'yata."

Rahma ta kawo tata hujjar a nutse. Mudira kuwa tana duba agogo. Da yarinyar ta gama, ta ce, "Na ji. Amma halas, doka ta zauna."

"Abla, ki yi haƙuri, ba ki maimaita nawa ba. Dokar ajinmu ce."

Mudira ta juyo ta kalle ni. Ku sani, a hannunta sabunta kwantiragina yake, iƙamata kuma, wato takardar izinin zamana a ƙasar, saura kaɗan ta ƙare. Kalma ɗaya zan faɗa in fitar da ita. Sai na ga allon yana matuƙar buƙatar gogewa, na juya na shiga goge shi, ko da yake babu rubutu a kai.

"To," in ji mudira, "kina cewa ba kwa son Larabci."

"A'a, Abla, ba haka nake nufi ba."

"Kina cewa dokar ta yi tsauri."

"Kin kusa, Abla."

Na ji dariya tana cin yara, amma ba wadda ta bari ta fito. Mudira ta ja kujerata ta zauna, ta ce da Hausa tsantsa, irin ta gidansu, "Ke 'yar nan, sake faɗa mini, ban ji ba."

Ita kanta ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Nan kowa ya samu izinin dariya.

Rahma ta sake bayani. Akwai yara a ajin da ba su iya ko tambayar banɗaki da Larabci ba. Ɗaya ta wuni da zazzaɓi ba ta gaya wa kowa ba, sai da aka tambaye ta da Hausa. Idan an hana, waɗannan za su zama kurame a tsakiyar mutane. Wannan karon mudira ta maimaita daidai, Rahma ta ce, "Haka nake nufi."

Ba ta janye dokar duka ba. Ta ce Larabci a darasi, Hausa a lokacin hutu, kuma kowace baƙuwa a haɗa ta da mai yi mata fassara. Rahma ta so fiye da haka, amma ta yi godiya.

Da aka tashi, mudira ta kira ni ofis. Na shiga ina karanto duk addu'ar da na sani. Ta ce, "Abla Zainab, allon nan ya gogu?" Na ce ya gogu. Ta ce, "To, ranar taron malamai ki zo mana da dokar nan. Mun fi yaran buƙatarta."

Abin da na koya shi ne, yaro ba ya koyon ladabin musu daga wa'azi. Yana koyonsa ne ranar da ya ga babba ya zauna, ya ce bai ji ba, a sake faɗa masa, kuma girmansa bai ragu ba.